Kyautar magani a gidan likita: wa ke da ita, wa ke biyanta?

  

Darasinmu na yau bisa kiwon lahiya ne. Za mu yi maganar gidajen likita na gwamnati. Wa ke biyan kuɗi in ya je? Wa ba ya biya? Mi gwamnati ta ɗauke muna, mi ya rage bisa kanmu? Ku matso kusa da rediyo. Wanda ke da alƙalami ya riƙe shi, don akwai abin rubutawa.

Kwana uku a ɗaka

Bari in fara da labarin wata ɗaliba ta ajinmu. Wata damina, ɗanta mai shekara biyu ya kwanta da masassara. Maigida ya tahi bida, babu ko dala a ɗaka. Ta ce bari ta jira ranar kasuwa ta saida kaza, sannan ta kai yaro likita. Kasuwa kuwa saura kwana uku. Ran da ta kai shi, tafin hannunsa ya yi fari, jini ya ƙare. Sai da aka wuce da shi babban asibiti aka ƙara masa jini. Allah ya yi da sauran kwana, yaro ya tashi.

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne, da ta kunce bakin zane za ta biya kuɗin ganin likita, sai aka ce ta maida kuɗinta. Yaron da bai kai shekara 5 ba, ba a biya masa. Ashe kwana ukun nan a banza ta yi su. Rashin sani ya fi dare duhu.

Yadda biyan kuɗi ya samo asali

Dattawa sun tuna lokacin da ake zuwa gidan likita ba a biyan komi. Amma sun tuna kuma sau da yawa babu magani a ciki, sai dai a rubuta maka takarda ka tahi farmasi ka saya. Gwamnati ba ta da ƙarfin cika kowane gidan likita da magani.

A shekarar 1987, ministocin kiwon lahiya na ƙasashen Afirka suka taru a Bamako. Suka yanke shawara cewa marar lahiya ya riƙa biyan ɗan kuɗi kaɗan, a tara, a sayo magani, don kada gidan likita ya zauna fanko.

A ƙasarmu Nijar an gwada wannan tsari a shekarar 1993, a yankin Boboye da yankin Say. A Say, babba na biyan dala 40 in ya zo da ciwo, ƙaramin yaro dala 20. A Boboye kuwa, kowane mai biyan haraji na ba da dala 40 a shekara, sannan in ya zo likita ya ƙara dala 10 kawai, yaro dala 5. A shekarar 1995 aka kafa doka, biyan kuɗi ya game ƙasa duka.

Magani ya ƙaru a gidajen likita, wannan gaskiya ne. Amma talakan da ba shi da kuɗi a hannu sai ya zauna gida. Waɗanda suka fi cutuwa su ne ƙananan yara da mata masu ciki.

Abin da gwamnati ta ɗauke

Saboda haka ne, a zamanin shugaba Mamadu Tanja, gwamnati ta fara ɗauke wa wasu mutane biyan kuɗi. Ku rubuta su ɗaya bayan ɗaya.

1. A shekarar 2005 aka ce fiɗar haihuwa kyauta ce. Watau in haihuwa ta gagara, aka yi wa mace aiki aka ciro jinjiri, ba a biyan kuɗin aikin.

2. A shekarar 2006 aka ce yaro, tun daga ranar haihuwarsa har ya cika shekara 5, ana duba shi a yi masa magani kyauta.

3. A wannan shekara ta 2006 aka ce awon ciki kyauta ne.

4. A 2006 ɗin dai aka ce maganin tazarar haihuwa kyauta ne ga mai so.

5. A shekarar 2007 aka ƙara da maganin ciwon daji na mata, kamar na nono da na mahaifa.

Ku lura, a wancan lokaci haihuwa ta lahiya, wadda ba a yi aiki ba, ba ta cikin kyautar. Sai a watan Agusta na shekarar 2024 majalisar ministoci ta yanke sabuwar shawara, wadda ta fara aiki ran 1 ga watan Satumba. Aka ce haihuwa a gidan likitan gwamnati kyauta ce. Aka kuma rage rabin kuɗin ganin likita, da na kwanciya asibiti, da na awon jini, da na hoto, da na fiɗa, ga kowa da kowa. Masu ciwon ƙoda da ake wanke wa jini, aka soke masu jika 150 da suke ajewa kafin a fara.

Ga lissafi, mu gwada. Misali, in kuɗin wani awo jika 3 ne a da, rabinsa nawa ke nan? Jika 1 da dala 100. Wanda ya samo amsa da kansa ya ga amfanin zuwa aji.

Kada mu manta da allurar rigakafi ta yara, ita ma kyauta ce. Haka maganin tarin fuka. Haka ƙwayoyin kare yara daga masassarar cizon sauro, waɗanda aka fara rabawa da damina tun shekarar 2013, ga yara daga wata 3 zuwa shekara 5, sau ɗaya kowane wata.

To, wa ke biya?

Ƴan'uwa, magani ba ya faɗowa daga sama. Wani ne ke sayensa. In aka duba ɗanka ba ka biya ba, likita na rubuta sunansa a babban littafi. Ƙarshen wata ya haɗa lissafi, ya aika wa hukuma. Gwamnati ce za ta biya a madadinka, da kuɗin baitulmali, watau harajin da mu duka muke biya, da taimakon ƙungiyoyin waje.

Don haka kyautar nan ba sadaka ba ce da likita ke yi maka. Haƙƙinka ne. Ba abin kunya ba ne, ba kuma abin roƙo ba ne.

Wani zai ce: «Malam, ai na kai ɗana, aka ce babu magani, aka rubuta mini takarda na je na saya. Ina kyautar take?» Tambaya ce mai kyau, kuma ba za mu ɓoye gaskiya ba. Shekaru da yawa bayan 2007, gwamnati ta riƙa jinkirin biyan gidajen likita kuɗinsu. Wani wurin a yi watanni, wani wurin a yi fiye da shekara. Gidan likitan da ba a biya ba, da mi zai sayo sabon magani? Rumbun da ake ɗiba ba a zubawa, ƙarewa yake yi. Sau da yawa ba laifin likitan da ke gabanka ba ne.

Duk da haka, kada ka ce tunda magani na ƙarewa, ba ka zuwa. Likita zai duba yaro, ya gane ciwon, ya faɗa maka maganin da ya dace da yawan da za a sha. Wannan ya fi sayen ƙwaya a tiren ɗan kasuwa, wadda rana ta dafa, ba a san ranar lalacewarta ba.

Ko abin ya yi amfani?

Ya yi. Masu bincike sun ƙidaya. A shekarar 1998, cikin yara 1000 da aka haifa a Nijar, 226 na rasuwa kafin su cika shekara 5. A shekarar 2009 sun koma 128. Ba kyautar magani kaɗai ta kawo haka ba. Akwai ƙananan ɗakunan likita da aka gina a ƙauyuka tun daga 2001, akwai rabon sange, akwai rigakafi, akwai kula da yara masu tamowa. Amma ɗauke biyan kuɗi ya sa iyaye mata sun riƙa kawo yara da wuri.

Aikin wanda ya iya karatu

Kai da ka fara karatu, ke da kika fara karatu, ga abin da ke kanku.

Na farko, ku yi wa yaro takardar haihuwa, ku adana karnensa na likita cikin leda, nesa da ruwa da gara. Takardar ce ke shaida shekarunsa. In babu ita sai a yi ta gardama, wannan ya ce ya kai biyar, wancan ya ce bai kai ba.

Na biyu, kada ku jira. Yaro ya yi masassara, ko zawo, ko numfashi da sauri, ko ya ƙi nono, a kai shi ranar, ko a ƙafa ko bisa amalanke.

Na uku, mai ciki ta je awo aƙalla sau 4, in da hali ta ƙara. A can ake ba ta maganin ƙarin jini da na kariya daga masassara. Maigida, izininka da rakiyarka ake jira. Kuɗin mota da guzuri suna kanka, don haka ka fara ajiya tun ciki na ƙarami.

Na huɗu, ku nemi takardar farashi a gidan likita ku karanta. In kun biya kuɗi, ku karɓi takardar shaidar biya. Ku duba lambar da aka rubuta, ko daidai take da abin da kuka bayar.

Na biyar, in an nemi kuɗi bisa abin da doka ta ce kyauta ne, ku tambaya cikin ladabi, ba da faɗa ba. In ba ku gamsu ba, ku ga shugaban gidan likitan. Akwai kuma kwamitin mutanen gari mai sa ido bisa kuɗi da maganin gidan likita. Ku san ko su wane ne a cikinsa, ku je taronsu.

Na shida, ku faɗa wa maƙwabta. Wanda bai zo aji ba, kai ne rediyonsa.

Tambayoyi

Malamai, bayan an kashe rediyo, ku tattauna waɗannan da ɗalibai:

1. Har zuwa shekara nawa ake yi wa yaro magani kyauta?
2. In ba ka biya ba, wa ke biyan gidan likita?
3. Mi ya sa magani ke ƙarewa wani lokaci?
4. Su wane ne ke cikin kwamitin gidan likitan garinku?

Ku rubuta amsoshinku da hannunku, malaminku ya aiko muna. Allah ya ba marasa lahiya sauƙi, ya raya muna zuri'a. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ku huta lahiya.