Zancen Keke Da Kuɗin Tafiyar Ma'aikata

A wannan mako zan ɗan ajiye zancen girki da renon yara, in yi muku zancen keke. Na san wata za ta ce, "Ina ruwan mace da keke?" To, ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe, don kuɗinki na ciki.

Abin da ya tayar da maganar shi ne, ran 3 ga watan Yuni na kowace shekara ana yin bikin Ranar Keke ta Duniya. Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta tsayar da ranar a 2018. A manyan garuruwa sai ka ga ma'aikata sun fito da sababbin riguna da huluna iri ɗaya, su hau keke su yi mil guda ko biyu, a ɗauki hoto, a yi lacca, sa'an nan kowa ya shiga motarsa ya tafi gida. Tun kuwa da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 2023, mai ya yi tsada, sai zancen komawa ga keke ya ƙara yawa a rediyo. Ba mamaki wata rana irin wannan biki ya iso mana nan ƙasar Rogo da Karaye. Gara mu san abin da za mu ce tun bai zo ba.

Da farko dai, kuɗin wa za a kashe? Kakata takan ba mu labarin zamanin haraji. In kaka ta yi, mai unguwa ya bi gida gida, dagaci ya zauna a zaure da malamin haraji, kowane magidanci ya kawo nasa a ba shi takarda. Wanda bai da shi, sai a sayar da akuya, sau da yawa ma akuyar matarsa ce. Saboda haka mutanen dā sun san abin da ke cikin Baitulmalin En'e guminsu ne. Da marigayi Alhaji Abubakar Rimi ya hau gwamnan Kano a 1979 ya soke haraji da jangali, talakawa suka yi murna ƙwarai, kuma sun cancanci su yi. Amma tun daga nan sai bakinmu ya saba da cewa "kuɗin gwamnati," kamar daga sama suke faɗowa.

Ba daga sama suke faɗowa ba. Duk ranar da kika sayi sabulu, ko atamfa, ko katin waya, akwai harajin sayayya a cikin kuɗin, naira bakwai da rabi a kowace naira ɗari tun 2020. Daga abin da aka tara na wannan haraji, kashi 35 cikin ɗari na ƙananan hukumomi ne. Daga babban asusun tarayya kuma rabonsu kashi 20.6 ne cikin ɗari, a raba wa ƙananan hukumomi 774, cikinsu 44 na Jihar Kano. Ga kuɗin rumfa, ga kuɗin tasha. Har ila yau, ran 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ko da yake an daɗe ana ja-in-ja a kan yadda za a zartar. Ashe ke nan har yanzu akuyarmu ce ake sayarwa, sai dai ba a gaban idonmu ba.

Wani abin da ya ba ni mamaki sa'ad da muke makarantar horon malamai, malaminmu ya sa muka karanta jerin ayyukan ƙaramar hukuma a cikin Tsarin Mulki na 1999. Ga keke nan an ambace shi da sunansa! An ce ƙaramar hukuma ce ke ba da lasin keke, da kura, da kwalekwale, da baro, da amalanke. Muka yi ta dariya a aji. Amma a cikin jerin nan dai an ce ita ce ke gina hanyoyi da magudanan ruwa ta kuma gyara su, ita ce ke kula da kasuwa da tasha, kuma tana da hannu cikin makarantun firamare da kiwon lafiya da aikin gona. Watau wadda aka ba ikon karɓar kuɗi a kan keke, ita aka ɗora wa gyaran hanyar da keken zai bi. Kowa ya ci ladan kuturu, ai dole ya yi masa aski.

A kan zancen hanya akwai labarin da ya kamata a tuna. A 2001 ministan sufuri na ƙasar nan, marigayi Ojo Maduekwe, ya tashi haiƙan yana kiran jama'a su koma ga keke. Bai tsaya ga faɗa ba, shi da kansa ya riƙa hawa zuwa ofis a Abuja. Wata rana motar bas ta ture shi ya faɗa rami. Jaridu suka yi ta yi masa ba'a. Ni ban ga abin dariya ba, don mutumin ya yi abin da ya faɗa, kuma ba kowa ke haka ba. Sai dai ya sa kira a gaba ya bar hanya a baya. In haka ta faru ga minista a kan kwalta, yaya yaro zai yi a hanyar ƙauye da damina, inda kwalbati ya karye, ruwa ya yanke hanya?

Ban da haka ma, wa zai yi wa mutumin Fulatan tallar keke? Mazanmu ba su taɓa barinsa ba. Da shi ake kai buhun masara kasuwa, da shi ake ɗauko rake da itace, da shi ake zuwa ta'aziyya Zarewa ko Beli. A dā har masana'antar Raleigh aka yi a Kano saboda yawan masu saye. In aka kashe kuɗin jama'a wajen buga riga da hula don a gaya wa manomi keke yana da amfani, lalle an yi asara, don shi ya fi mai laccar sani.

Yanzu sai zancen tafiyar ma'aikata, wanda shi ya fi damuna. A ganina tafiya iri biyu ce. Akwai wadda ke kawo ma'aikaci wurinmu, akwai wadda ke ɗauke shi daga wurinmu.

A zamanin En'e, malamin gona da duba-gari da malamin asibiti da mai duba makarantu, akan ba su bashin keke a riƙa yanka cikin albashinsu kowane wata. Ba don son su aka yi ba, don aikinsu ba ya yiwuwa a zaune. Yau ma haka ne. Rogo mazaɓu goma gare ta, Karaye ma goma, kowace da ƙauyuka da rugage a warwatse. Mai allurar rigakafi in ba ta da abin hawa, jaririnki ba zai sami allura ba. Mai duba makarantu in bai zo ba, malamin da ya ga dama ya zo aji, wanda bai ga dama ba ya tafi gona.

Na ga wannan da idona a wani ƙauye inda na yi koyarwar gwaji. Zangon karatu guda cur, sau ɗaya mai duba makarantu ya zo. Dattijo ne mai kirki, ya iso duk ƙura, ya ce da kuɗin aljihunsa ya biya ɗan acaɓa, don ba a ba shi na tafiya ba. A cikin zangon nan kuwa sai muka ji wasu na sama da shi sun tafi bita wani otal a birni mai nisa, sun yi kwana da kwanaki. Ban ambaci wurin ba, don ba tonon asiri ya kawo ni ba. Na kawo shi ne don ku ga yadda kuɗin tafiya kan gudu sama ya bar ƙasa a bushe.

Don ku san nauyin abin, a 2022 gwamnatin tarayya ta tsayar da kuɗin kwana na ma'aikatanta in sun yi tafiyar aiki: ƙaramin ma'aikaci naira 10,000 a kowane dare, mai mataki na 16 da 17 kuwa naira 37,500. Na tarayya ke nan, amma ya isa awo. Kwana uku na babba ɗaya ya kama naira 112,500, ban da kuɗin mota. Ki sa maigida ya tambayi kuɗin keke na hannu a kasuwa, sa'an nan ki gwada su. Ita kanta gwamnatin tarayya ta ga abin ya yi yawa, har a 2024 shugaban ƙasa ya hana manyan ma'aikata tafiya ƙasashen waje da kuɗin jama'a na wata uku, daga 1 ga Afrilu.

Ba cewa na yi bita ba ta da amfani ba. Ni ma na ƙaru da ita. Amma me zai hana a kawo mai koyarwar shi kaɗai Rogo ko Karaye, a zauna a ajin makaranta, maimakon a kwashi mutum talatin a kai masa?

In kuwa ana son a kashe kuɗi a kan keke, ga inda wasu suka kashe ya yi albarka. A ƙasar Indiya akwai wata jiha mai suna Bihar, ta talakawa ce manoma kamar mu. A 2006 gwamnatinta ta fara ba kowace yarinya da ta shiga aji tara rufi 2,000 ta sayi keke. Wasu masana biyu, Karthik Muralidharan da Nishith Prakash, suka bi sawun abin, suka buga sakamakonsa a 2017. Sun iske shigar 'yan mata sakandare a kan kari ta ƙaru da kashi 32 cikin ɗari, ratar da ke tsakaninsu da maza kuma ta ragu da kashi 40. Inda abin ya fi tasiri shi ne ƙauyukan da makaranta ke da nisa. Wannan bai ba ni mamaki ba. Kowace malama a ƙauye ta san 'yan matan da suka gama aji shida da ƙoƙari, aka ce sakandare ta yi nisa, shi ke nan karatu ya ƙare.

Na san abin da iyaye za su ce, wai ba kunya budurwa ta hau keke. Ba na raina wannan magana. Amma akwai keken mata marar sanda, wanda ake hawa da wando da hijabi ba tare da wani abu ya bayyana ba, kuma in 'yan mata biyar ko shida suka tafi tare suka komo tare, a ganina ya fi a ɗora yarinya ita kaɗai bayan ɗan acaɓan da ba a san shi ba. Wannan dai shawara ce ta iyaye da malaman addini na kowane gari, su zauna su duba. Abin da na fi tsoro daban ne: a ba yarinya keke yau, gobe a gan shi a hannun wanta yana kai taki gona! Maganinsa, keken ya zama na makaranta, a buga masa lamba, a ba da aro na shekara. A kuma ware kuɗin faci da taya da birki tun farko, a ba mai gyara na garin aikin, in ba haka ba cikin wata shida za su taru a kusurwar ofis suna tsatsa.

To, yaya mace da ke cikin gida za ta sa baki? Kowace mazaɓa tana da kansila, kuma kansila ɗan gari ne, an san gidansu, an san matarsa. A taron kwamitin makaranta, ko ta bakin shugabar ƙungiyar mata, ko ta bakin maigida, a tambaye shi nawa aka ware wa tafiye-tafiye a kasafin bana, nawa ne a ciki na masu zuwa ƙauye, nawa ne na masu zuwa birni. A yi tambayar da ladabi, amma a yi ta. Ba rashin kunya ba ne, don tun 2011 akwai dokar da ta ba kowane ɗan ƙasa ikon neman irin wannan bayani a rubuce, ta kuma ba ofis kwana bakwai ya amsa.

Ina roƙon malamai mata da iyaye na Fulatan da Gwangwan da Zoza da Ruwan Bago da sauran garuruwanmu, ku rubuto ta hannun Edita ku gaya mini mil nawa 'ya'yanku mata ke takawa zuwa sakandare, da kuma yaushe rabon da mai duba makarantu ya zo garinku. In wasiƙun sun taru zan jera su a wannan fili, gari gari, in Allah ya yarda.