Ɗan ƙaramin kan jirgin da ya fara huci a Arewa

A tashar jirgin ƙasa ta Minna akwai wani tsohon kan jirgi da aka girke domin tarihi. Ma'aikacin da ya saba hawa jirgin Abuja zuwa Kaduna zai ɗauke shi abin wasan yara. Amma shi ne ya fara jan tarago a Arewacin Najeriya, tun kafin dogo ya isa Kano a 1911.

Kamfanin Hunslet da ke birnin Lidis a Ingila ne ya ƙera shi a 1901. Lugga na shirin mayar da hedikwatarsa Zungeru, ga shi jiragen ruwa ba sa iya kai kaya can ta kogin Kaduna. Sai aka shimfiɗa gajeren layi daga Wushishi, daga baya aka ƙara shi zuwa Barijuko, duka bai wuce mil 22 ba.

Ƙirarsa kaɗai ta isa ta nuna tsimin waɗanda suka saye shi. Faɗin layinsa inci 30 ne, alhali na Baro zuwa Kano inci 42 ne. Ƙafafu shida ne ke tuƙa shi, an haɗa su da sandar ƙarfe, sai ƙanana biyu a baya da ke tallafe mazaunin direba. Ba ya jan taragon ruwa. Tankinsa da makamashinsa duk a jikinsa suke, don haka yana iya komawa da baya ba sai an juya shi ba. Siririn layi kuwa yana shan kwana ya kewaye tudu, ba sai an kashe kuɗi an fasa dutse ba.

Da babban layi ya biyo ta Zungeru, aka tumɓuke ƙaramin, aka kai kayansa layin Zariya zuwa Jos, inda aka yi ta jigilar kuza har aka rufe shi a 1957. A ganina nan ne labarin ya fito fili: kaya dogo yake bi, mutane daga baya. Mutumin Betso a ƙasar Mubi shaida ne, don ko da layi ya kai Maiduguri a 1964, bai ratsa Adamawa ba, kuma har yau bai ratsa ba.

Daga Abuja zuwa Minna tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota, ga mai son ganinsa da idonsa.