Sanamakki: Daga Gona Zuwa Kofin Shayi, Ina Ingancinsa Ke Zubewa?

Kaɗan ne daga cikin gidajenmu ba su san sanamakki ba. Muna sayensa a ƙulle cikin leda a shagunan magungunan Musulunci, ko a hannun masu talla a bakin masallacin Juma'a, mu jiƙa mu sha idan ciki ya cushe. Darajarsa a wurinmu tana da tushe: an ruwaito ambatonsa a hadisan da Tirmizi da Ibn Majah suka kawo, kuma Ibnul Ƙayyim ya yi bayaninsa a Zadul Ma'ad, inda ya fifita irin na Makka. Daga nan sunan ya samo asali, wato sana na Makka. Sai dai ba kasafai muke tambayar kanmu ba ko ganyen da ke cikin ledar shi ne sanamakkin gaske, kuma idan shi ne, ko ƙarfinsa na nan ko ya tafi tun a wurin shanya. Masana tsirrai sun daɗe suna binciken waɗannan tambayoyi biyu, kuma amsarsu ta shafi lafiyar iyalanmu kai tsaye.

Asalin tsiron

Sanamakki ƙaramin tsiro ne na busassun ƙasashe, mai furanni rawaya, wanda da wuya ya wuce mita ɗaya a tsayi. Masana suna kiransa Senna alexandrina, saboda ta tashar jiragen ruwa ta Iskandariyya ake fitar da wanda aka tara a Sudan da kudancin Masar zuwa Turai. Kalmar ta farko ma daga Larabci aka aro ta, domin ta hannun likitocin Larabawa Turawa suka san shi. A yau Indiya ce kan gaba wajen nomansa, musamman a yankin Tirunelveli na kudu da kuma jihohin Rajasthan da Gujarat, yayin da Sudan ke ci gaba da fitar da nata.

Yana da 'yan'uwa a dajinmu. Filasko ɗan'uwansa ne na kusa, shi ma yana sa zawo, amma ƙarfinsa bai kai na sanamakki ba. Tafasa da muke kwaɗo da ganyenta, da rai-ɗore da ke fitowa a kan juji da damina, duk dangi ɗaya ne. Wannan kusanci shi ne mafarin matsala, domin idan ganye ya bushe aka murtsuke shi, ido kaɗai ba ya iya rarrabe wannan da wancan.

Abin da madubi ke nunawa

Ganyen sanamakki siriri ne mai tsini, tsawonsa inci ɗaya zuwa biyu. Idan muka duba gindinsa, wurin da ya haɗu da kara, za mu ga ɓangare ɗaya ya ɗan fi ɗaya faɗi. Wannan karkata alama ce ta farko da kowa zai iya gani idan ganyen bai farfashe ba.

Sauran alamun sai da madubin hangen ƙananan halittu. Yawancin ganyaye suna da jerin dogayen ƙwayoyin halitta masu kama hasken rana a fuskar sama kaɗai, amma sanamakki yana da su sama da ƙasa, irin tsarin tsiron da ya saba da rana mai zafi. A fatarsa akwai gashi ƙanana, kowanne ƙwayar halitta ɗaya ce, mai kaushi kamar ƙuraje, ya ɗan lanƙwasa. Ƙofofin numfashinsa kowacce tana tsakanin ƙwayoyi biyu da suka kwanta a gefenta, kuma jijiyoyinsa suna lulluɓe da ƙananan duwatsu masu kusurwa na sinadarin kalsiyam. Ko an daka ganyen ya zama gari, waɗannan alamu ba sa ɓacewa. Da su mai bincike ke gane algus.

Algus a wannan fatauci tsohon abu ne. Littattafan harhaɗa magunguna na Turai sun rubuta yadda ake cakuɗa sanamakkin Iskandariyya da ganyen hargal, wani tsiro na Sudan da Masar wanda ba danginsa ba ne. Ganyen hargal ya fi kauri, fatarsa a tattare, gindinsa daidai yake ta kowane ɓangare, gashinsa kuma ƙwayoyi da yawa ne a jere. Magabatanmu ma ba su ɗauki lamarin da wasa ba. Littafin hisba na Shaizari, Nihayatur Rutba, ya ware babi kan masu sayar da magunguna da hanyoyin gano ha'incinsu. Ibnul Baiɗar, mutumin Malaga da ya rasu a Dimashƙa a 1248, ya yi yawo ƙasa-ƙasa yana duba tsirrai da idonsa kafin ya tattara magunguna da abinci wajen 1,400 a littafinsa. Binciken ganye kafin a ba mara lafiya gadonmu ne, tun kafin a ƙera madubin.

Yadda yake aiki a ciki

A shekarun 1940 ne Arthur Stoll da abokan aikinsa a ƙasar Suwizalan suka ware sinadaran da ke ba ganyen ƙarfi, aka sa musu suna senosayid A da B. Waɗannan sinadarai suna ratsa tumbi da ƙaramin hanji ba tare da sun yi wani aiki ba. Sai sun isa babban hanji ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a can suke farfasa su, su saki abin da ke zaburar da hanjin ya motsa, ya kuma hana shi tsotse ruwa daga bayan gida. Shi ya sa ake ɗaukar awa 8 zuwa 12 kafin a ga aikinsa, shi ya sa kuma ake shansa da dare. Wanda bai san haka ba, ya sha kofi ɗaya ya ga shiru bayan awa biyu, sai ya ƙara na biyu da na uku, asuba ta same shi cikin murɗar ciki da gudawa.

Kundin ƙa'idojin magunguna na Turai ya gindaya mafi ƙarancin adadin waɗannan sinadarai da busasshen ganye zai ƙunsa, danshinsa kuma kada ya wuce kashi 12 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sanamakki a jerin muhimman magungunanta. Ke nan magani ne sosai, mai awo da iyaka.

Inda ƙarfin ke zubewa

Manoman Indiya sukan fara tsinkar ganye bayan kimanin wata uku da shuka, sannan su sake tsinka daga baya, su kuma tara kwanson 'ya'yan, wanda shi ma magani ne. Abin da ke biyo bayan tsinka shi ke yanke hukunci kan inganci. Ana baza ganyen a inuwa, a wuri mai iska, a shimfiɗa mara kauri, ana juyawa har ya bushe cikin mako ɗaya ko ɗan fiye. Wanda aka shanya haka yana riƙe korensa. Wanda aka bari a rana mai tsanani yakan koɗe ya yi rawaya, wanda aka tara a tudu da ɗanyensa kuwa yakan yi zafi daga ciki, ya yi baƙi-baƙi. Danshi da zafi suna rusa senosayid, su kuma buɗe ƙofa ga funfuna, wadda wasu nau'o'inta ke fitar da gubar afulatoksin mai illa ga hanta. Tafasa ruwa ba ta kashe wannan guba.

Saboda irin wannan ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin noma da tattara tsirran magani a 2003. Sun tanadi kada a shanya a ƙasa tsirara, a nisanta daga dabbobi da ƙurar hanya, a adana a busasshen wuri cikin buhu mai tsabta da aka ɗaga daga ƙasa. Idan muka auna wannan da yadda ledar sanamakki ke yini a rana a kan tebur, ta kwana a shago mai yoyo da damina, za mu gane dalilin da ya sa ƙulli ɗaya ba ya yin komai, wani kuma ya kwantar da mutum. Mai sha ba shi da hanyar sanin awo, tunda ƙarfin kowane ƙulli dabam ne.

Abin da ya rage gare mu

Mu fifita ganye cikakke a kan gari, domin gari ne maɓoyar algus. Mu duba launi: kore mai haske, ba rawaya ko baƙi ba. Mu shinshina, warin rima alama ce ta danshi. A gida mu zuba shi a kwalba mai murfi, nesa da rana da turirin kicin.

Mu kuma san waɗanda bai dace da su ba. Hukumar magunguna ta Turai ta ce kada a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 12, ko mai ciki, ko mai shayarwa, ko mai toshewar hanji, ko mai ciwon ciki da ba a san sababinsa ba, kuma kada a wuce mako guda ana sha ba tare da ganin likita ba. Yawan shansa yana zubar da ruwa da sinadarin fotasiyam daga jiki, wanda bugun zuciya ya dogara da shi. Haɗarin ya fi tsanani ga masu shan maganin zuciya ko na sa fitsari. 'Yan'uwanmu mata da ke shansa kullum don rage ƙiba su sani cewa abin da ke raguwa ruwa ne, domin abinci ya riga ya shiga jiki tun a ƙaramin hanji kafin ganyen ya fara aiki.

Ga masu sayarwa, amana ce su san inda kayansu ya fito da yadda aka shanya shi, su kuma faɗa wa mai saye gaskiyar iyakarsa. Ga ɗalibanmu na ilimin tsirrai da harhaɗa magunguna, ga fage a buɗe: madubi da 'yan ƙulle daga kasuwar garinsu sun isa su fara tantance abin da jama'a ke sha da sunan sanamakki. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu yi amfani da abin da Ya halitta bisa sani.