Binciken tarihin 'yan mazan jiya na Yaƙin Duniya na Biyu a Najeriya

Binciken tarihin 'yan mazan jiya shi ne ƙoƙarin da 'ya'ya da jikoki suke yi domin gano inda mahaifinsu ko kakansu ya yi aikin soja, da rundunar da ya zauna, da kuma inda aka binne shi idan bai dawo ba. A Najeriya, yawancin irin wannan bincike ya shafi Yaƙin Duniya na Biyu na 1939 zuwa 1945, wanda Hausawa suka fi sani da Yaƙin Hitila ko Yaƙin Bama. Bayanan waɗannan sojoji a warwatse suke tsakanin gidajen iyalansu, da ma'ajiyar tarihi ta Najeriya, da ta Birtaniya.

Asali

Sojojin Najeriya sun yi yaƙin ne a ƙarƙashin rundunar Royal West African Frontier Force, wadda ta haɗa Najeriya da Gwalkwas, wato Ghana ta yanzu, da Saliyo da Gambiya. An ɗebi kurata da yawa daga Arewa, kuma Hausa ce ta daɗe tana zaman harshen bariki a bataliyoyin Najeriya.

A farkon 1941, birged ta 23 ta Najeriya ta yaƙi Italiya a Gabashin Afirka, ta shiga Mogadishu a watan Fabrairu sannan ta nausa cikin Habasha. A 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka kai su Indiya, daga nan suka shiga Bama domin yaƙar Japan. Runduna ta 81 ta fafata a kwarin kogin Kaladan, ta 82 kuma a yankin Arakan, kuma sun haɗu wajen kama Myohaung a watan Janairun 1945. Bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 ta Najeriya sun shiga cikin dakarun Chindit a 1944. Sunayen wasu barikoki na yau daga can suka samo asali, kamar Dalet da Kalapanzin a Kaduna, da Chindit a Zariya, da Dodan da Arakan a Legas.

Matsalar suna

Babban abin da ke tare wa iyali hanya shi ne suna. Sau da yawa ana rubuta kurtu da sunan yanka haɗe da sunan garinsu ko ƙabilarsa maimakon sunan mahaifinsa, don haka ana iya samun mutane da dama masu suna iri ɗaya. Turawa kuma sun rubuta sunaye yadda kunnensu ya ji, har suna guda ya fito da rubutu biyu ko uku. Ga shi kuma ba a cika rubuta ranar haihuwa ba.

Saboda haka lambar soja ta fi suna amfani. Lambobin sojojin Najeriya sukan fara da harufan NA, na Gwalkwas kuma da GC. Wanda ya samu lamba da sunan bataliya ya gama rabin aikin.

Abin da ake samu a gida

Bincike daga gida yake farawa. Takardar sallama, da littafin albashi, da takardun fansho, da tsofaffin hotuna, duk sukan ɗauki lamba ko sunan runduna. Lambobin yabo ma suna ba da haske: tauraron Bama yana nuna mutum ya yi aiki a fagen Bama, tauraron Afirka kuma yana nuna Arewaci ko Gabashin Afirka. Sai dai yawancin waɗannan taurari ba a zana sunan mai su a jiki ba, saɓanin lambobin jarumta irin su Military Medal da ke ɗauke da lamba da muƙami da suna.

Labarin dattawan gida shi ma madogara ne. Sunan wani gari da marigayin yake yawan ambata, ko laƙabin da sojoji suka sa wa wani hafsa Bature, ko labarin tafiya a jirgin ruwa, na iya nuna rundunar da ya zauna.

Ma'ajiyoyin tarihi

Hukumar Commonwealth War Graves Commission tana da kundin da ake dubawa kyauta a intanet, na waɗanda suka mutu a bakin aiki daga 3 ga Satumba 1939 zuwa 31 ga Disamba 1947. Akwai kaburburan sojojin Afirka ta Yamma a maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon, da kuma Chittagong da Maynamati a Bangladesh. A Taukkyan ne aka gina dandalin tunawa na Rangoon, mai ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a san kabarinsu ba. Wanda ya dawo gida ya rasu bayan 1947 ba ya cikin wannan kundi.

Ma'ajiyar tarihi ta Birtaniya da ke Kew a Landan tana riƙe da littattafan da kowace bataliya take rubuta abin da ya faru kullum. Na fagen Bama suna cikin rukunin WO 172, na Afirka ta Yamma kuma a WO 173. Ba su cika ambaton ƙananan sojoji da suna ba, amma suna nuna inda bataliya take a kowace rana. Rukunin WO 373 ya ƙunshi takardun da hafsoshi suka rubuta na neman a ba soja lambar jarumta, tare da bayanin abin da ya yi.

A Najeriya, ma'ajiyar tarihi ta ƙasa tana da manyan rassa a Kaduna da Ibadan da Enugu. Reshen Kaduna ne ke riƙe da fayilolin lardunan Arewa na zamanin mulkin mallaka. Ƙungiyar 'yan mazan jiya ta Nigerian Legion, wadda aka kafa a 1964, tana da rassa a jihohi. Iyalai a Jamhuriyar Nijar kuwa, waɗanda kakanninsu suka yi wa Faransa soja, sukan duba shafin Mémoire des hommes na ma'aikatar tsaron Faransa.

Littattafai da fina-finai

Marubuci Biyi Bandele, haifaffen Kafanchan, ya gina littafinsa na ƙagaggen labari Burma Boy na 2007 a kan labaran mahaifinsa da ya yi yaƙin. Ɗan jarida Barnaby Phillips ya bi sawun Isaac Fadoyebo, sojan Najeriya da aka raunata a Bama, wasu ƙauyawa suka ɓoye shi tsawon watanni. Ya shirya fim a kansa a tashar Al Jazeera a 2011, inda ya gano zuriyar mutumin da ya ceci Fadoyebo, sannan ya wallafa littafin Another Man's War a 2014.