Maganin hawan jini mai sa fitsari: abin da ya kamata a sani game da bugun zuciya

Cikin magungunan da likitoci suka fi rubuta wa masu hawan jini akwai ƙwayoyin da ke sa yawan fitsari, irin su hydrochlorothiazide da indapamide. Suna da araha, kuma suna rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki. Sai dai, bayan ruwa da gishiri, suna fitar da sinadarin potasiyom, wanda zuciya ke buƙata don ta buga daidai.

A jinin mai lafiya, potasiyom yana tsakanin milimol 3,5 da 5 cikin lita guda. In ya yi ƙasa sosai, mutum kan ji kasala, ɗaurewar jijiyoyi ko faɗuwar gaba. Bugun zuciya na iya rikicewa har a suma, wani lokaci ma a rasa rai.

Haɗarin bai da yawa ga mai shan ƙaramin awo, kamar miligram 12,5 zuwa 25 na hydrochlorothiazide a rana. Yana ƙaruwa da zawo, amai, ko zufar bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a Tawa da Damagaram. Haka nan in an haɗa da digoxine ko kinin na zazzaɓin cizon sauro.

Kada a bar maganin don tsoro, kada kuma a saye shi wurin masu talla. A nemi likita ya auna potasiyom da aikin ƙoda makonni kaɗan bayan farawa, sannan lokaci-lokaci. Wanda ya suma ko ya ji zuciyarsa na tsalle, a kai shi asibiti nan take.