Katin Asibiti da Abin da Ke Rubuce a Jikinsa

A Gaya ko Ajingi, idan mutum ya dawo daga asibiti aka gama yi masa sannu, tambayar da ke biyowa sananniya ce: "An yi maka allura? An sa maka ruwa?" In ya ce ƙwaya iri biyu kaɗai aka rubuta masa, sai ka ji an ce likitan bai duba shi da kyau ba. Kafin magariba an aika yaro kemis ya ƙaro kafso.

Masana lafiya sun daɗe suna nazarin wannan ɗabi'a. A 1985 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kira taro a Nairobi, inda aka tsayar da ma'anar amfani da magani yadda ya kamata: mara lafiya ya sami maganin da ya dace da ciwonsa, daidai gwargwadon jikinsa, na iya kwanakin da ake buƙata, a kan kuɗi mafi sauƙi. Hukumar ta kiyasta cewa fiye da rabin magungunan da ake rubutawa ko sayarwa a duniya ba a bisa ƙa'ida ake yi ba.

A 1993 ta fitar da hanyar auna aikin asibiti, hanyar da biro da takarda sun isa a bi ta. A ɗebo katunan marasa lafiya kamar 100, a ƙirga abu biyar: magani nawa aka rubuta wa kowa, mutum nawa aka bai wa maganin kashe ƙwayoyin cuta, wato kafso irin su amoksisilin, nawa aka yi wa allura, magani nawa aka rubuta da sunansa na asali maimakon sunan kamfani, nawa ne kuma ke cikin jerin muhimman magunguna na ƙasa. Abin da ake so, in aka raba, kada ya wuce magani biyu a kan kowane kati, masu kafso da masu allura kuma su zama 'yan tsiraru. Babban Asibitin Gaya da ƙananan asibitocin ƙauyukan Ajingi duk za su iya yin wannan ƙidaya da kansu.

Inda aka fi zamewa shi ne zazzaɓi. Da damina ta kankama, kusan kowane zafin jiki sunansa "maleriya da taifot", sai a haɗa wa mutum maganin biyun. Alhali tun 2010 ƙa'idar ita ce a gwada jini kafin a ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, gwajin da ba ya wuce minti 20. In ya tabbata, babba zai sha atimita-lumefantirin sau shida cikin kwana uku. Wanda ya sha sau biyu ya ji sauƙi ya ajiye saura don wata rana, ya bar ƙwayar cutar da ranta. Mun ga yadda kulorokwin ya daina aiki, har Nijeriya ta sauya shi a matsayin maganin farko wajen 2005.

Haka gudawar yara. Mafi yawanta ruwan gishiri da sukari da ƙwayar zinki na kwana 10 zuwa 14 take buƙata. Mura kuwa kafso ba ya taɓa ta. Duk kafson da aka sha ba bisa dalili ba, koya wa ƙwayoyin cuta ake yi yadda za su jure masa. Binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya nuna cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka rasu saboda cututtukan da suka daina jin magani, kuma yammacin Afirka ne ya fi jin jiki.

Laifin ba na ɓangare ɗaya ba ne. Malamin asibitin da layi ya yi wa yawa, ga ƙarancin kayan gwaji, yakan rubuta da yawa don ko wannan bai kama ba wancan ya kama. Mara lafiyar da ya biya kuɗin acaɓa daga ƙauye ba ya son komawa da 'yar leda. Gwamnati ta taɓa ɓangaren kasuwa, ta hana maganin tari mai kodin a 2018, a 2024 kuma aka tashi dillalan magani na Sabon Gari zuwa Dangwauro. Abin da ke faruwa tsakanin likita da mara lafiya kuwa sai su biyun ne za su gyara.

Saboda haka, in an miƙo maka kati, tambayi mai rubutawa: "Likita, wannan na mene ne? Sau nawa zan sha, har kwana nawa?" Gaya masa abin da ka riga ka sha a gida, har da na gargajiya. In ya ce ba ka buƙatar allura, kada ka zagaya kemis a yi maka. Idan aka tarbe ka a gida da tambayar ko an sa maka ruwa, ka ce musu an gwada jininka, an ba ka abin da gwajin ya nuna. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.