Kamfanin tsohon soja ne, ko sunansa aka ara?

A shekarar 2016 wata kotun tarayya a jihar Massachusetts ta Amurka ta yanke wa David Gorski ɗaurin wata 30 da tarar dala miliyan ɗaya. Kamfaninsa na gine-gine, Legion Construction, ya ci kwangilolin gwamnati na sama da dala miliyan 100, waɗanda doka ta keɓe wa tsofaffin sojojin da suka nakasa a bakin aiki. Gorski bai taɓa sa kaki ba. Wani tsohon soja da ya yi yaƙin Koriya ya samo, ya ɗora sunansa a matsayin shugaba, shi kuwa ya riƙe kuɗi da iko. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Abin da ke jawo irin wannan kwaɗayi ba ɓoyayye ba ne. Tun 1999 Amurka ta ƙudura cewa kashi 3 cikin ɗari na kuɗin kwangilolin tarayya su tafi ga ƙananan kamfanonin irin waɗannan sojoji, a ƙarshen 2023 kuma aka ɗaga zuwa kashi 5. Biliyoyin daloli ke nan duk shekara. Shi ya sa 'yan kwangila suka ƙirƙiro abin da a can suke kira hayar tsohon soja. Ofishin binciken majalisa, GAO, ya bankaɗo kamfanoni 10 a 2009 da suka ci kusan dala miliyan 100 ta hanyar da ba ta dace ba. A 2011 mai binciken ma'aikatar tsofaffin sojoji ya duba kamfanoni 42, ya tarar 32 ba su cancanta ba.

Daga ranar 1 ga Janairu 2023 aikin tantancewa ya koma hannun SBA, hukumar kula da ƙananan sana'o'i. Tabbatar da nakasa ba ya ba ta wahala, domin ma'aikatar tsofaffin sojoji na da rajista. Mallaka ma lissafi ne: kashi 51 ko fiye, kai tsaye, ba da wani sharaɗi ba. Inda gizo ke saƙa shi ne tambaya ta uku: wa ke juya akalar kamfanin?

Doka ta ce dole tsohon sojan ya riƙe muƙami mafi girma, ya yanke shawarar dogon zango, ya kuma tafiyar da harkar yau da kullum. Jami'an sukan bi takardun kafa kamfani layi-layi. Idan abokin tarayya mai ƙaramin kaso na iya hana ɗaukar ma'aikaci ko sa hannu a kwangila, to iko ya kuɓuce, ko da bai taɓa amfani da damar ba. Abin da aka yarje masa shi ne ya sa baki a manyan al'amura kamar sayar da kamfanin, rushe shi, ko shigo da sabon mai jari.

Sai albashi. Idan wani ma'aikaci ya fi mai kamfani ɗauka, sai an kawo hujjar cewa hakan na amfanar kamfanin. Sai lokaci: mutumin da ke aikin cikakken wuni a wani ofishi, yaushe yake kula da nasa? Ana kuma duba ko rance, kayan aiki da lasisi duk daga hannun wani mutum guda suke fitowa, musamman in tsohon ubangidansa ne. Ba a ce lallai sojan ya zama injiniya kafin ya mallaki kamfanin gini ba, amma sai ya nuna yana da gogewar da zai iya shugabantar injiniyoyin.

Akwai sassauci ga wanda nakasarsa ta yi tsanani kuma ta dindindin ce: matarsa, ko mijinta, ko mai jinyarsa na iya riƙe ragama a madadinsa.

Raunin tsarin shi ne yawancin tantancewar a takarda take ƙarewa. Mayaudari yana da kuɗin lauyan da zai goge masa kowane sakin layi, mai gaskiya kuwa, da ya kwafo takardun kafa kamfani daga intanet, jimla ɗaya na iya kayar da shi. Wanda aka hana yana iya ɗaukaka ƙara a ofishin sauraren ƙorafi na SBA, ko ya gyara ya sake nema. Su kuma mayaudaran, sau da yawa abokan takara ne ke tona su, domin doka ta ba wanda ya sha kaye a neman kwangila damar ƙalubalantar matsayin wanda ya ci. Takardar shaidar kanta shekara uku take yi, daga nan sai kamfani ya sake tabbatar da cancantarsa.